Tambayi Baba Injiniya: Me Ya Sa Hanyar Dutse Ba Ta Miƙewa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na ambaci hawan Mambila a fitowar da ta gabata wasiƙu suka yi ta shigowa a kan hanyoyin tsaunuka, har na ga gara in ba su filin wannan watan gaba ɗaya. Masu tambaya a kan yoyon rufi da tsagewar bango su yi mini haƙuri, takardunsu na nan a ajiye. Na taƙaita wasiƙun saboda wuri, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne, kowane wata nakan hau Mambila in sayo fiya da ayaba. Daga Mayo Selbe zuwa Maisamari mota sai ta yi ta kewaye kamar maciji, ka je ka dawo, ka sake komawa. A tasha ana cewa 'yan kwangila ne suka ƙara kwana-kwana don a biya su kuɗin kilomita mai yawa. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa, Jalingo.

AMSA: Alhaji, 'yan kwangila suna da nasu laifuffukan, na yi shekara talatin da ɗoriya ina sa-in-sa da su, amma wannan kam ba nasu ba ne. Ɗan kwangila ba shi ke zana inda hanya za ta bi ba. Safiyo ne ke auna ƙasa, injiniya ya zana, shi kuma a miƙa masa takarda a ce ga abin da za ka gina. Hasali ma da son ransa ne da ya fi so a ba shi shimfiɗaɗɗen fili, inda gireda za ta yi kilomita guda kafin la'asar.

Abin da ke naɗe hanya a jikin dutse shi ne tsananin hawa, kuma lissafinsa ba wuya. Idan ka yi tafiyar mita 100 gaba, ka ɗaga sama da mita 6, sai mu ce hawan kashi 6 ne cikin 100. A ido ba wani abu ba ne, yaro ma ya haye shi da gudu. Amma ga tirelar da ta sha kaya, kashi 6 ɗin nan shi ke mayar da ita giya lamba biyu tana kuka tana hayaƙi. Shi ya sa a babbar hanyar da manyan motoci ke bi ba a son a wuce kashi 6 zuwa 8, sai a ɗan gajeren wuri inda babu yadda za a yi.

To yanzu a ce gaban dutse ne mai tsayin mita 600, kuma daga gindinsa zuwa bakinsa na sama tazarar kilomita 3 ce kacal in an miƙe. Ka raba za ka ga kashi 20 cikin 100 ke nan. Babu gingimarin da za ta hau wannan da kaya, wadda ta yi gangancin saukowa kuma sai dai a tsinto ta a ƙasa. In kana son kashi 6, dole hanyar ta kai kilomita 10. Ina za ka sa kilomita 10 a wurin da 3 kawai gare shi? Sai ka ninke ta, kamar yadda ake ninke rawani a sa a aljihun jaka. Wannan ninkin shi ne kewayen da kake gani.

Kuma ba mu muka fara ba. Gobe in ka hau, ka dubi jikin tuddan da shanun Fulani ke kiwo wajen Nguroje. Za ka ga layi-layi a kwance, kamar an yi wa tudun matakala. Saniya ba ta tunkarar tudu kai tsaye, gefe-gefe take bi. Jaki ma haka, in an labta masa kaya. Tsofaffin safiyoyin da na yi aiki a ƙarƙashinsu sukan ce kafin ka kafa na'ura, ka fara duba inda dabba ta bi. Masu dakon da ke hawa da kaya a ka kafin a yi hanyar mota su ne suka san hawan da gaske, ana ma cewa daga ladan da ake biyansu ne wurin nan ya samo sunansa na Hawan Biyu da Sisi.

Inda aikin yake da wuya shi ne wurin juyawar, kwanar nan da ke mayar da kai inda ka fito, wadda ni nakan kira kwanar lauje. Ba ko'ina ake sa ta ba. Sai an nemi kafaɗar dutse mai ɗan faɗi da ƙasa mai ƙarfi, domin a nan hanyar sama da ta ƙasa suke kusantar juna, wadda ke sama tana zaune kusan a kan wadda ke ƙasa. A cikin kwanar akan kwantar da hawan ya dawo kashi 2 ko 3, don kada direba ya haɗa juya sitiyari da neman giya a lokaci ɗaya. Akan kuma faɗaɗa kwaltar, saboda tayoyin bayan doguwar mota ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankewa. Ka lura da tirela a kwana: kai ya fita waje sosai, amma gindi na neman taka lambatu. In ba a ƙara faɗi ba, ko dai gindin ya faɗa rami, ko kan ya shiga hannun mai zuwa. Sannan ba a jera irin waɗannan kwanoni kusa da juna in da hali, don ruwa da duwatsun da suka zubo daga ta sama kan ta ƙasa suke sauka.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Hanyar hawa Obudu a Kuros Riba tana da irin kwanonin nan fiye da ashirin, akwai ma wadda ake kira Gwiwar Shaiɗan. A Italiya akwai mashigar Stelvio, mita 2,757 sama da teku, wadda injiniya Carlo Donegani ya gina tsakanin 1820 da 1825, tun zamanin keken doki. Ta ɓangare ɗaya kawai kwanar lauje 48 gare ta, kowace da lambarta a jikin dutse. Doki da injin dizal duk abu ɗaya suke roƙo: a sassauta musu hawa, ko da tafiyar za ta yi tsawo.

TAMBAYA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni direban tirela ne, shekarata 14 ina bin hanyar Jos zuwa Akwanga. Hawan Kibo ya ci mutanenmu da yawa, yawanci birki ne ke tsinkewa a gangare. Wasu na cewa wurin ne ke da iska, wasu na cewa hanyar ce ba a gina daidai ba. Kuma me ya sa ake karkata kwalta a kwana? Da kaya mai tsayi sai in ji kamar motar za ta kwanta. Daga wani direba, Jos.

AMSA: Malam direba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare na raye. Maganar iska na bar wa malamai. Ni zafi na sani, bari in ba ka lissafinsa.

Jos tana zaune wajen mita 1,200 sama da teku, duk mai barin ta ta kudu kuwa sai ya sauko. A ce tirela ce mai nauyin tan 40 ta sauko mita 500. Ƙarfin da ke jan ta ƙasa ba ya ɓacewa, dole ya koma wani abu, in da birki aka tare shi kuwa zafi yake komawa. Zafin nan ya isa ya tafasa ruwa durom uku, irin mai lita 200. In an yi mata lodin da aka saba yi a ƙasar nan ta kai tan 60, durom kusan biyar ke nan. Ka dubi girman ƙarfen birkinka, ka ce shi kaɗai zai shanye wannan wutar. Da ya yi zafi sai gangar birkin ta buɗe ta yi nesa da takalmin, shi kuma takalmin fuskarsa ta yi santsi ta daina kamawa. Kana takawa, ƙafa na shiga, mota na ƙara gudu. Babu abin da ya tsinke a zahiri, birkin ne ya dahu.

Ka fi ni sanin sauran. Akwai masu sa mota a firi a gangare don su rage shan mai. Inji na kwance, kwamfireso ba ya saurin tara iskar da birkin ke aiki da ita, direba na ta dannawa yana saki har iskar ta ƙare, ya nemi giya kuma ta ƙi shiga saboda gudu ya wuce ta. Akwai masu tsayawa yaron mota ya watsa wa ganga ruwa tana ja wur, ƙarfen ya tsage ba su sani ba sai a gangare na gaba. Tsohuwar ƙa'idar da iyayen gidanku suka koya muku har yau ita ce daidai: giyar da ka hau da ita, ko wadda ta fi ta ƙasa, da ita za ka sauka, kuma tun a sama ake shiga ta, ba bayan mota ta ɗauki gudu ba. Inji shi ne babban birki a gangare, na ƙafa mataimaki ne.

Amma ba zan ɗora muku duka ba, mu ma akwai abin da ake bin mu. Doguwar gangare tana bukatar fili a samanta inda babbar mota za ta tsaya a duba birki da tayoyi kafin a fara sauka. Tana bukatar allon da zai gaya wa baƙon direba tsawon gangaren da tsananinsa, ba alamar kwana kawai ba. A ɓangaren hawa ana ƙara layi na uku don mai kaya ya rarrafa a gefe, domin karo da yawa da ake yi a dutse daga ƙaramar motar da ta gaji da bin bayan tirela ne, ta fita wuce ta a inda ba a ganin gaba. A bakin rami kuwa katangar kankare ake so, don siririn ƙarfen nan na gefen hanya ƙaramar mota yake tarewa, tirela taka shi take yi kamar kara.

Sai babban abin da na daɗe ina kuka a kansa, wato hanyar tsira. Wani reshe ne da ke fita daga babbar hanya a miƙe, kafin muguwar kwana, a cika shi da tsakuwar rafi mai mulmulallen jiki, zurfin wajen mita guda. Daga bakinsa ba zurfi, yana ƙaruwa a hankali, don kada motar ta tsaya farat ɗaya kaya su taho kan direba. In wurin ya ba da dama akan sa shi ya fuskanci tudu. Wanda birkinsa ya mutu sai ya miƙe ciki, tayoyi su nutse, mota ta tsaya. A Amurka da Turai da Afirka ta Kudu abu ne da aka saba gani a tsaunuka. Dole tsakuwar ta zama mulmulalliya kuma mai tsabta, domin fasasshen dutse irin na kwaba kankare cije juna yake yi ya zama daɓe, mota ta bi ta kai ta wuce. Kuma sai ana tona ta lokaci-lokaci. Wani abokin aikina ya taɓa ce mini ko an yi a nan, kafin wata uku masu tifa sun kwashe tsakuwar, masu shayi sun kafa tebur a bakin. Na ce masa to a yi, a sa mai gadi, albashinsa na shekara bai kai kuɗin tayar tirela huɗu ba. Haka kuma kasuwa, tasha ko shingen bincike ba su da wuri a gindin gangare. Duk inda motoci ke taruwa a ƙarshen sauka, an ajiye su ne a gaban wanda ba zai iya tsayawa ba.

Karkata kwalta kuwa don taimakonka aka yi. Mota a kwana waje take son fita, sai a ɗaga gefen waje don nauyinta ya riƙe ta ciki. Amma ana yi ne da wani gudu a zuciya, kuma ba a wuce kashi 8 zuwa 10, saboda irinku. Mai buhunan gawayi har sama, ko mai shanu hawa biyu, in yana rarrafe a kwanar da aka karkata don masu gudu, ciki zai ji tana rinjaya. In ya zo da gudu fiye da kima kuma waje za ta kwanta. Tankar da ba ta cika ba ta fi kowa haɗari, don man da ke ciki shi ma tafiyarsa yake yi. Abin da kake ji gaskiya ne, maganinsa a rage tsayin lodi, a sa mai nauyi a ƙasa.

TAMBAYA: Baba Injiniya, da muka je Umara an kai mu ziyara Ɗa'ifa, na ga hanya a jikin dutse kamar an zana. A Makka kuma duwatsun ma huda su aka yi, mota na bi ta ciki. Me ya hana a huda namu a huta da kwana-kwana? Daga wata Hajiya, Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Kin ga abu biyu ne daban, kuma bambancinsu shi ne amsar tambayarki.

Ramukan da ke Makka, irin waɗanda ke kai mutum Mina ko Aziziyya, duwatsu ne suka tsaya tsakanin kwari da kwari. Nan ƙasa, can ƙasa, dutse a tsakiya. A irin wannan wuri huda dutse na da ma'ana, don ya hutar da ke hawa da sauka. Amma Ɗa'ifa a kan dutsen take. Makka ba ta kai mita 300 sama da teku ba, Hada kuwa, inda hanyar ke ƙarewa a sama, wajen mita 2,000 ce. Ko an huda, sai an hau wannan tsayin, don can mutanen suke. Shi ya sa Saudiyya, duk da kuɗinta, ta naɗe hanyar Hada a jikin dutse tun shekarun 1960, daga baya ta faɗaɗa ta da gadoji. Manyan motocin kaya kuma ba ta nan suke bi ba, ta hanyar Sail ake tura su, wadda ta fi tsawo amma ta fi sauƙin hawa, ita ce mai bi ta miƙatin Ƙarnul Manazil. In hazo ya sauko ko ruwa ya yi ƙarfi akan rufe ta Hada ɗin ma gaba ɗaya. Jos da Mambila irin Ɗa'ifa ne, tudu ne mai faɗi da garuruwa a kansa.

Sannan rami ba a gama shi ranar da aka buɗe. Yana son fitila dare da rana, da manyan fankoki masu fitar da hayaƙi, da injin zuƙe ruwa, da ma'aikatan da ba sa barci. Ki auna wannan da wutar lantarkinmu. A watan Maris na 1999 wata motar kaya ɗauke da fulawa da man shafa burodi ta kama wuta a cikin ramin Mont Blanc, mai tsawon kilomita 11.6 tsakanin Faransa da Italiya, mutum 39 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su. A Nowe akwai ramin Laerdal, kilomita 24.5, da aka buɗe a 2000. Saboda tsawonsa sai da aka faɗaɗa wurare uku a ciki kamar kogo, aka haska su da shuɗiyar fitila, don kawai kada direba ya yi gyangyaɗi. Ni dai da za a ba ni kuɗin kilomita ɗaya na rami, magudanun ruwa da hanyoyin tsira zan yi wa hawa goma da shi.

TAMBAYA: Baba, ƙauyenmu a kan dutse yake a ƙasar Mubi. Kowane rani mukan yi aikin gayya mu zuba marmara a hanyarmu, ruwan farko ya kwashe. Akwai kuma wata katangar siminti da aka yi mana a wata kwana, tana da ramuka a jiki, ruwa na tsiyaya ta ciki da damina. Matasa sun ce aikin banza aka yi, za mu sayi siminti mu toshe. Me ka gani? Daga sakataren ƙungiyar ci gaban wani ƙauye.

AMSA: Ɗana, don Allah kada ku taɓa ramukan nan. In ka karanta wannan da dare, ka tashi matasan tun kafin gari ya waye ka gaya musu.

Ina ƙaramin injiniya aka tura ni duba wata katanga irin taku, mai tsayin mita 3, a wata hanyar dutse. An yi ta da kyau, da ramukan tsiyaya a jere da tsakuwa a bayanta. Ana saura kwana biyu manya su zo buɗe hanya, sai wani shugaban leburori ya ga ramukan sun ɓata wa katangar fuska, ya sa birkila ya shafe su sumul, aka yi fenti fari da baƙi. Na gani da idona, na yi shiru, don ina sabon zuwa kuma mutumin ya haife ni. A watan Agusta katangar ta yi ciki, bayan kwana kaɗan ta kwanta a kan hanya da ƙasar da ke bayanta. Allah ya sa da dare ne, babu kowa. Ba wanda ya tuhume ni, amma ni na san bakina ne ya kayar da ita. Ruwan da ya taru tsayin mita 3 a bayan katanga yana tura kowace mita ɗaya ta tsawonta da nauyin tan huɗu da rabi, ban da turin ƙasar kanta, wadda ta jiƙe ta yi laushi. Katangar da ke tsiyaya tana aikinta ne. Wadda ya kamata ku ji tsoro ita ce wadda ta bushe ƙarau alhali ana tsakiyar damina. Abin da za ku yi wa ramukan shi ne ku zura sanda ku fitar da laka da gidan tururuwa.

Marmarar da kuke zubawa kuwa, ba za ta zauna ba muddin hanyar ce kwatar da ruwa ke bi. Ku fita ana tsakiyar ruwa, ba bayan an ɗauke ba, ku ga inda yake shigowa da inda yake gudu. Za ku tarar hanyar ta zama rafi, yana bin sawun taya tun daga sama. Ruwa a gangare yana ƙara gudu yana ƙara yawa, kuma in gudunsa ya ninka biyu ƙarfin bugunsa huɗu yake ninkawa. Dabarar duka ita ce kada a bar shi ya yi nisa a kan hanya. Ku yi wa hanyar doro a tsakiya, ko ku karkata ta kaɗan zuwa gefen dutse, ku haƙa lambatu a wannan gefen. A cikin lambatun ku jera ƙananan shingayen dutse a gicciye, kowane taku goma, inda ya yi tsanani ma taku biyar, don su karya masa gudu. Kada ku bar lambatun ya yi tsawo ba mafita: a kai a kai ku tsallakar da ruwan zuwa gefen kwari, ko da kwalbati ko da shimfiɗar dutse mai ɗan kwari da mota za ta iya takawa. Inda ruwan ke faɗowa a ƙasan kwalbati ku jibge manyan duwatsu, domin daga nan zaizaya ke farawa, ta ci baya-baya har ta cinye hanyar. A saman inda aka yanki dutse kuma ku ja wani lambatun, ya tare ruwan tudu tun kafin ya zubo.

Inda hawan ya kai kashi 10, ku daina asarar marmara, ku shimfiɗa dutse. Kuma ba sai kun je nesa neman malami ba. Ku je Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, wurin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, ku ga hanyoyin da aka daɓe da faffaɗan duwatsu har kan tsauni, da gonaki masu matakala da aka tare da jeren dutse ba siminti. Damina nawa suka gani? Jeren dutse na riƙe ƙasa ya bar ruwa ya wuce, abin da mu muke kwaikwaya ke nan da kwandunan waya da ake cika wa duwatsu a jera a gefen hanya. Kwandon nan ya fi katangar siminti arha, kuma in ƙasa ta motsa lanƙwasa yake yi, ba ya karyewa. Kakanninku sun san wannan aikin, ku tambayi dattawan da suka rage.

Abu ɗaya kuma ku sa wa ido. Hanyar gefen dutse rabinta yanka ce, rabinta ciko. Ɓangaren da aka yanka a jikin dutse yana da ƙarfi, na cikon shi ne mai rauni, musamman in katafila ta tura ƙasa ne kawai ta zube a gangare ba a yi mata matakala an daddanne ta ba. In kuka ga tsaga mai kama da jinjirin wata a gefen kwari, ko itatuwan wurin sun fara sunkuyawa, cikon ne ke shirin tafiya. Ku toshe tsagar da yumɓu don kada ruwa ya shiga, ku janye motoci zuwa gefen dutse, ku kai rahoto. A jikin cikon ku dasa jema a layi-layi a gicciye. Ciyawar nan da ake saƙa faifai da zana da ita saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, kuma 'yar'uwarta ta Indiya ita injiniyoyi ke dasawa a gefen hanyoyi a ƙasashe da dama don wannan aikin.

TAMBAYA: Baba, an tura ni aikin asibiti a Gembu. Ƙaramar motata da ke gudu lafiya a Yola sai ta zama kamar mara lafiya a hawan, har ta yi zafi. Wani abu ya lalace ne? Kuma in an haɗu a wuri mai matsi, wa zai kauce? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: 'Yata, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Mambila wajen mita 1,600 take sama da teku, iska a can ba ta da kauri, injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) kuwa yakan rasa kamar kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ya hau. Ruwa ma a can kafin ya kai digiri 100 yake tafasa, wajen 95, don haka murfin lagireto in ya saki sai ya ba ki matsalar da ba ki gani a Yola. Ki sa a duba murfin da fanka, ki kashe na'urar sanyi a hawa, ki zauna a lamba biyu ki bar inji ya yi kukansa. In allura ta hau ki tsaya a inda ake hango ki daga nesa, kada ki buɗe murfin sai ya huce.

Mai saukowa shi ke kaucewa mai hawa, don wanda ya tsaya a tsakiyar hawa da kaya tashi na yi masa wuya. Amma in kika ga tirela ta taho tana ta hon da fitila a kunne, kada ki tsaya neman haƙƙi, ki manne da gefen dutse. In kuma kin sa dutse a bayan taya a matsayin waigi, ki ɗauke shi ki jefa gefe kafin ki tafi. Mai babur na nan tafe da dare cikin hazo, ba zai gan shi ba.